Makaɗan Leipzig da Madugansu

Daga Balin zuwa Leipzig tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci in mutum ya hau jirgin ƙasa mai gudu. Hanyar ba ta da abin kallo sosai: gonaki shimfiɗe, ƙauyuka masu jan rufi, sai manyan fankokin samar da lantarki suna juyawa a hankali. Sai an shiga tashar Leipzig ido ke buɗewa, domin tasha ce da ake cewa babu mai faɗinta a duk Turai, an gina ta ne lokacin da garin ke ji da kansa a harkar ciniki. A nan ɗan wani aminina na Damagaram, wanda ke karatu a jami'ar garin, ya tarye ni. Jami'ar tsohuwa ce, tun 1409, tana kuma cikin 'yan jami'o'in Jamus da aka daɗe ana koyar da Hausa a cikinsu, abin da ya kai ni garin ke nan. Muna fita daga tasha yaron ya ce, “Baba, in ka koma gida ba ka ga makaɗan garin nan ba, kamar ba ka zo ba ne.” Na ce masa ni kiɗan Turawa bai dame ni ba. Ya ce, “Ai ba don kiɗan kaɗai ba, Baba. Na riga na saya mana tikiti.”

'Yar tafiya kaɗan ce a ƙafa zuwa dandalin Augustusplatz. Gidan opera na arewa, jami'a na yamma, a kudu kuma ga wani gini na dutse da gilashi da maɓuɓɓugar ruwa a gabansa. Shi ne Gewandhaus, gidan ƙungiyar makaɗan birnin. Ta cikin gilashin ana hango wani ƙaton zane da ya lulluɓe rufin ciki tun daga ƙasa har sama, aikin mai zane Sighard Gille, wanda ya fi kyaun gani daga waje da dare in an kunna fitilu. Makaɗan da ke cin albashi a gidan nan sun kai kimanin 185, abin da ya sa ƙungiyar ke cikin mafiya girma a duniya. Yawan nasu yana da dalili. Wurin aiki uku gare su: nan zauren nasu, da gidan operar da ke fuskantarsu, da cocin Thomas, inda suke raka yara masu waƙar coci. A dare guda ana iya raba su, wasu na nan, wasu na can tsallaken dandali a ramin da ke gaban dandamalin opera.

Tikitin da yaron ya saya na kujerun bayan makaɗa ne, kusa da babban ogan. Zauren yana ɗaukar mutum kusan 1,900, kujerun kuma sun zagaye dandamali ta kowane ɓangare, don haka mu muna ganin ƙeyar makaɗa amma muna fuskantar madugu ido da ido. Kafin ya fito, shugaban masu goge ya miƙe, mai busa wata 'yar siririyar algaita ya saki sauti guda, kowa ya daidaita abin kiɗansa da shi. Sai aka yi tsit. Madugun, wanda a makon baƙo ne aka gayyato, ya fito ana tafi, ya gaisa da shugaban masu goge, ya juya wa mafi yawan jama'a baya, ya ɗaga 'yar sanda da ba ta kai kamu biyu ba.

Abin da suka kaɗa bayan hutun rabin lokaci shi ne babbar simfoni ta Franz Schubert, dogon kiɗa mai babi huɗu wanda ke cin kusan awa guda, babu murya ko ɗaya a ciki. Masu ƙaho ne suka fara su kaɗai, can ƙasa-ƙasa, sannan sauran suka riƙa shigowa rukuni rukuni. Kowa da takardarsa a gabansa, an rubuta masa abin da zai kaɗa da inda zai yi shiru tun kusan shekara 200 da suka wuce. Wannan ya sa na yi ta tambayar kaina, to mene ne aikin mai sandar nan, tunda shi kaɗai ne a dandamalin ba ya fitar da sauti? Na samu amsa a babi na biyu. Akwai wurin da kiɗan ke hauhawa har ya kai maƙura, masu busa da masu goge kowa ya saki ƙarfinsa, sai ya yanke kwatsam. Mutum wajen tamanin suka tsaya cak a numfashi ɗaya, idonsu a kan hannunsa. Ya riƙe shirun iya yadda ya ga dama, sannan ya kalli masu manyan goge, suka dawo da wani taushin sauti. Takarda ta ce a yi shiru, amma tsawon shirun da nauyinsa a hannun mutumin nan suke. Daga inda nake zaune na ga yadda yake aiki da gira da haɓa fiye da sandar, na kuma lura tsofaffin makaɗan ba sa kallonsa sai a irin waɗannan mararraba. Tsakanin babi da babi ba a tafi. Jama'a na yin tarin da suka danne, a gyara zama, a ci gaba. Da aka gama, tafin ya daɗe har ya fita ya dawo ya sake dawowa, yana tayar da masu busa ɗaya bayan ɗaya don su karɓi nasu rabon.

Washegari na fara bin tarihin da ƙafa, domin tsakiyar Leipzig ƙarama ce. Ƙungiyar nan ba sarki ne ya kafa ta ba, kuma mutanen garin ba sa gajiya da faɗin haka. A zamanin da aka kafa ta, manyan ƙungiyoyin makaɗa a Jamus na fada ne, kamar na Dresden, babban birnin jihar Saxony, inda mai sarauta ke ciyar da makaɗansa. Leipzig ba ta da sarki a cikinta. Garin fatake ne, masu cinikin fatu da tufafi da littattafai. A 1743 wasu masu hali goma sha shida suka haɗa kuɗi suka ɗauki nauyin makaɗa goma sha shida. Da fari a gidajen mutane ake kiɗan, daga baya aka koma wani masauki. Sunan da suka ba wa taron nasu, Grosses Concert, har yau shi ake bugawa a kan takardun kiɗan daren Alhamis da Juma'a. A 1781 hukumar gari ta gyara musu wani bene a gidan 'yan kasuwar tufafi, ya zama zaure mai ɗaukar mutum wajen 500, daga sunan wannan gida ƙungiyar ta samo nata. Mozart ya yi wasa a zauren a 1789. A can aka fara kaɗa wa jama'a kiɗan fiyano na biyar na Beethoven a 1811. A 1828 wata yarinya 'yar shekara tara, Clara Wieck, ta hau dandamalin, wadda daga baya ta auri Robert Schumann ta zama ɗaya daga cikin manyan masu fiyano na ƙarninta. Ginin babu shi yanzu, sai sunan wani lungu da ke tuna shi.

A duk waɗannan shekaru babu madugu irin wanda na gani. In za a kaɗa simfoni, shugaban masu goge ne ke ja daga inda yake tsaye, yana kaɗawa yana nuni da kai da kafaɗa. Mutumin da ya sauya wannan shi ne Felix Mendelssohn, wanda aka ɗauko a 1835 yana da shekara 26. Gidan da ya zauna a ƙarshen rayuwarsa yana nan a titin Goldschmidt, ba nisa da dandali, an mayar da shi gidan tarihi. Ana hawa tsohon matakalin katako zuwa ɗakin aikinsa, ga tebur, ga zane-zanen da ya yi da hannunsa na wuraren da ya ziyarta, domin ya iya zane ƙwarai. A ƙasa akwai wani ɗaki da aka jera na'urorin sauti, kowace tana wakiltar rukunin makaɗa, baƙo ya ɗauki sanda ya gwada ja. Yaron ya gwada, kiɗan ya riƙa gudu yana tsayawa kamar tsohuwar mota, muka yi dariya muka fito.

Mendelssohn ya tsaya a gaban makaɗa da sanda, ya ɗauki alhakin kiɗan tun daga atisaye har ranar wasa. Ya kawo abokinsa Ferdinand David ya zama shugaban masu goge. Ya shirya jerin wasanni na kiɗan magabata, a lokacin da al'adar jama'a ita ce son sabon abu kawai, ya kuma farfaɗo da sunan Johann Sebastian Bach, wanda ya yi aiki a cocin Thomas daga 1723 har mutuwarsa a 1750 amma garin ya kusa mantawa da shi. Simfonin Schubert ɗin nan da na ji, Schumann ne ya tono takardunta a Biyana bayan mutuwar mai ita, ya aiko wa Mendelssohn, aka fara kaɗa ta a Leipzig a 1839. A 1843 ya kafa makarantar koyon kiɗa, wadda har yau take yaye wa ƙungiyar sababbin hannu. Sai dai abin da ya fi jan hankalina a aikinsa ba ya cikin abin da ake ji da kunne. Ya yi ta faman rubuta wa hukumar gari a kan albashin makaɗansa, waɗanda yawancinsu talakawa ne masu haɗa aiki biyu ko uku kafin su ci abinci. A zamaninsa ne, a 1840, hukumar ta amince ƙungiyar ta zama ta birni. Duk wanda ya taɓa shugabantar mutane ya san ba a samun aiki mai kyau daga mai jin yunwa. Ya rasu a 1847 yana da shekara 38, 'yan watanni bayan mutuwar yayarsa Fanny.

Daga baya an yi Carl Reinecke, wanda ya riƙe sandar shekara 35, daga 1860 zuwa 1895, mutum mai tsare abin da ya gada, marar son sabon abu. A zamaninsa aka gina zaure na biyu a 1884, wanda sautinsa ya yi suna har mutanen Boston a Amurka suka kwaikwaye shi da suka tashi gina nasu. Arthur Nikisch, ɗan ƙasar Hangari, ya gaje shi ya buɗe ƙofa ga su Bruckner da Tchaikovsky, yana riƙe da Leipzig da Balin a lokaci guda har mutuwarsa a 1922. Shi ne a daren ƙarshe na shekarar 1918, bayan an gama yaƙin duniya na ɗaya, ya ja simfoni ta tara ta Beethoven domin leburori da ma'aikata, al'adar da ta zauna har ana yin ta duk ƙarshen shekara. Wilhelm Furtwängler ya yi shekara shida ya wuce, sai Bruno Walter ya karɓa a 1929.

Daga nan labarin ya munana. Kusa da ƙofar yamma ta cocin Thomas akwai mutum-mutumin Mendelssohn a tsaye, na tagulla, mai kama da tsohon aiki. Yaron ya ce in karanta shekarar. 2008 ce. Na asali an kafa shi a 1892 a gaban zaure na biyu. Mendelssohn jikan malamin falsafar nan Bayahude ne, Moses Mendelssohn, kuma ko da yake tun yana yaro aka mayar da shi Kirista, wannan bai wanke shi a idon 'yan Nazi ba. Da suka hau mulki a 1933 suka hana kaɗa kiɗansa. A watan Maris na shekarar, Bruno Walter, shi ma Bayahude, ya zo atisaye ya tarar an hana shi ja. Bai sake zama madugun garin ba, ya ƙare a Amurka. Magajin garin Leipzig na lokacin, Carl Goerdeler, ɗan mazan jiya ne wanda da fari ya yi aiki da gwamnatin, amma ya ƙi yarda a taɓa mutum-mutumin. Sai suka jira ya yi tafiya ƙasar waje. Cikin wani dare na Nuwamba 1936 mataimakinsa ya sa aka tumɓuke shi. A daidai lokacin makaɗan Landan suna ziyara a garin ƙarƙashin Thomas Beecham, da suka je ajiye furanni sai suka tarar da fili. Goerdeler ya dawo ya nemi a mayar, aka ƙi, ya ajiye muƙaminsa. Daga baya ya zama jigo a cikin masu shirin kawar da Hitler, aka kashe shi a Fabrairu 1945.

Kujerar Walter ba ta daɗe babu kowa ba. Hermann Abendroth ya hau a 1934, ya shiga jam'iyyar Nazi a 1937, ƙungiyar ta ci gaba da kiɗa, jama'a suka ci gaba da sayen tikiti suna tafi a zauren da sunan Mendelssohn ya zama haramun. Ina ganin wannan ɓangare ya kamata a riƙa faɗa da ƙarfi daidai da yadda ake faɗin na fatake goma sha shida. Kasancewar ƙungiya ta jama'ar gari bai hana ta durƙusawa ba ranar da jama'ar garin suka durƙusa. Magajin gari ne ya bar kujerarsa saboda mataccen makaɗi, madugun makaɗan kuwa ya riƙe tasa har sai da aka sauke shi a 1945.

Jiragen yaƙi sun ƙone zaure na biyu a Fabrairu 1944. Bayan yaƙi Leipzig ta faɗa ɓangaren Jamus ta Gabas, makaɗan kuma suka koma wani zauren taro da ke jikin gidan namun daji, inda suka yi fiye da shekara talatin suna zaman aro. Shekarar 1968 ta zo wa garin da rashi uku. Gwamnatin gurguzu ta rushe kangon tsohon zauren maimakon ta gyara shi. A ranar 30 ga Mayu ta sa nakiya ta tarwatsa cocin jami'a da ke dandalin nan, ginin da ya tsira daga yaƙi lafiya lau. A watan Agusta kuma sojojin ƙawancen Sobiyet suka shiga Cekoslobakiya, sai madugun ƙungiyar, Václav Neumann, wanda ɗan can ne, ya ajiye aikin ya koma gida.

Kurt Masur ya karɓa a 1970, ya yi shekara 26. Sunansa ne aka fi ji a bakin mutanen garin, har tsofaffin da ba su taɓa shiga zauren ba. Ƙaton mutum ne mai gemu, mai zafin rai a wurin atisaye, wanda bayan wani mummunan haɗarin mota a 1972 ya koma ja da hannu zalla ba sanda. Bai taɓa shiga jam'iyya mai mulki ba, amma ya san hanyar fadarta. Gwamnati na alfahari da shi, tana ba shi lambobin yabo, tana barinsa ya fita da makaɗansa ƙasashen Yamma a lokacin da talakan Jamus ta Gabas ba ya iya tsallaka iyaka. Da wannan kusanci ya matsa wa shugaban ƙasar, Erich Honecker, har aka gina zauren da na zauna a ciki, aka buɗe shi ranar 8 ga Oktoba 1981, shekara 200 bayan na farko. Shi ne kaɗai sabon zauren kiɗa irinsa da Jamus ta Gabas ta gina a duk tsawon rayuwarta. Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma babu mai cewa Masur bai yi wa gwamnatin nan aski ba: duk inda makaɗansa suka je, tutarta suke ɗauke da ita.

Cocin Nikolai na nan bayan jami'a, 'yan taku kaɗan. Tun 1982 ake yin addu'ar zaman lafiya a cikinsa duk ranar Litinin, an faro ta ne a zamanin limaminsa na lokacin, Christian Führer. A 1989 taron ya fara tumbatsa zuwa titi. A watan Yuni na shekarar 'yan sanda suka kama wasu matasa masu kiɗa a bakin hanya ba da izini ba, daga baya Masur ya buɗe zaurensa aka tattauna lamarin a bainar jama'a, abin da ba a saba gani ba. Ranar Litinin 9 ga Oktoba, kwana biyu bayan bikin cikar ƙasar shekara 40, gari ya cika da sojoji da 'yan sanda da jita-jita. Kowa na tune da abin da ya faru a dandalin Tiananmen na ƙasar Sin 'yan watanni kafin nan, wanda shugabannin Jamus ta Gabas suka fito suka goyi bayansa. Da rana Masur ya tara mutum biyar a gidansa: malamin addini Peter Zimmermann, ɗan wasan barkwanci Bernd-Lutz Lange, da sakatarorin jam'iyya uku na yankin. Suka rubuta 'yar gajeriyar sanarwa mai kiran kowa da kowa da ya kai zuciya nesa, a zauna a yi magana. Aka karanta ta a coci-coci, aka kuma watsa ta da muryar Masur ta lasifikokin da ke kan titunan gari. A daren mutum wajen 70,000 suka zagaye tsakiyar birni, suka wuce ta gaban hedikwatar 'yan sandan ciki, ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Shi kuwa ya shiga zaure ya ja kiɗan da aka riga aka tsara na wannan dare. Kwana tara bayan haka aka sauke Honecker, bayan wata guda katangar Balin ta faɗi.

A gaban cocin, kusa da ginshiƙin da aka kafa don tunawa da ranar, muka zauna a benci ɗaya da wata dattijuwa mai sandar tafiya. Yaron ya gaishe ta da Jamusanci, hira ta ɓarke, yana fassara mini. Ta ce tana cikin taron, ta bar 'ya'yanta wurin maƙwabciya ba ta san ko za ta dawo ba. Da na tambaye ta ko Masur ne ya ceci garin, sai ta girgiza kai ta ce su suka fito, shi dai ya yi magana, amma da ta ji muryarsa a lasifika ƙafafunta sun daina rawa. Ina ganin hukuncinta ya fi na littattafai adalci. Ba madugun makaɗa ne ya hana harbi ba shi kaɗai. Yawan jama'ar ya fi ƙarfin shirin da aka yi, manyan Balin kuma suka kasa ba da umarni. Amma a ranar babu wanda ya san yadda za ta kaya, kuma Masur yana cikin waɗanda suka fi kowa abin asara in ta kaya da harbi: zaurensa, fasfonsa, darajarsa. Ya ɗauki jarin da ya tara na shekara goma sha tara wurin masu mulki ya kashe shi a yini guda. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. An yi ta raɗe-raɗin a ba shi shugabancin ƙasa, bai karɓa ba. A 1991 ya haɗa da jagorancin makaɗan New York, ya bar Leipzig a 1996, ya rasu a 2015. Gidan Mendelssohn da na ziyarta ma, wanda ya kusa rushewa, da ƙoƙarinsa aka ceto shi aka buɗe a 1997.

Da nake kallon jerin sunayen madugan, sai makaɗanmu na gida suka faɗo mini. A wurinmu kiɗa sunan mutum yake bi. Ana cewa kiɗan Narambaɗa, kiɗan Shata, kiɗan Ɗankwairo, 'yan amshi da masu kalangu ko kotso kuwa yaransa ne, shi ke raba musu abin da aka samu. In ya kwanta dama, ko dai wani ɗa ya riƙe na ɗan lokaci, ko a watse kowa ya kama gabansa, a bar mu da kaset. A Leipzig makaɗan ne masu gida, madugu ɗan kwangila ne. Makaɗi kan shiga ta hanyar gwaji a gaban 'yan uwansa, su jefa masa ƙuri'a, ya yi zaman gwaji, in ya tsallake sai ya zauna har ritaya, madugai suna zuwa suna tafiya a gabansa. Kowane tsari da abin da yake ci. Mai goge na layin baya ba zai taɓa yin suna ba, ba zai ƙara ko ɗigo a kan abin da aka rubuta masa ba, ba kuma zai san daɗin da makaɗinmu ke ji ba in ya ƙirƙiro baiti nan take aka yi masa liƙi. Abin da ya samu a madadi shi ne albashi, da fansho, da ƙungiyar da ta haura shekara 280 ba ta watse ba.

Yau shugabancin hannu biyu ne. Akwai daraktan gida mai kula da kuɗi da ma'aikata da tsare-tsare, akwai madugu mai kula da kiɗa, majalisar birni kuma ita ke amincewa da kwangilarsa, tunda daga baitulmalin gari ake cike giɓin da kuɗin tikiti ba ya rufewa. Bayan Masur an yi Herbert Blomstedt ɗan Suwidin daga 1998 zuwa 2005, mutum mai riƙo da addininsa har ba ya atisaye ranar Asabar, wanda ya ci gaba da ja bayan ya haura shekara casa'in. Sai Riccardo Chailly ɗan Italiya har 2016, sai Andris Nelsons ɗan Latbiya, wanda ya hau a Fabrairu 2018 a matsayin madugu na 21. Madugan yanzu 'yan jirgin sama ne, yau suna nan gobe suna wata nahiya. Nelsons ya karɓi Leipzig ne yana riƙe da Boston. Da wuya a sake samun irin Masur, wanda ya zauna a gari har direban tasi ya san muryarsa. A cikin jerin nan kaf babu mace ko ɗaya, ko da yake a daren da na je mata sun cika layukan masu goge.

Ranar Asabar da ƙarfe uku na rana muka shiga cocin Thomas, inda ƙasusuwan Bach ke kwance tun 1950. Ƙungiyar yaran da ke waƙa a can ta samo asali tun 1212, makaɗan Gewandhaus kuma suna sama a baranda suna raka su, a nan ba madugunsu ke ja ba, shugaban mawaƙan coci ne. Ibada ce ta Kirista, da wa'azi a tsakiya, don haka wanda zai shiga ya san abin da zai tarar. Kuɗin shiga kuwa 'yan yuro kaɗan ne. Wanda kuma ya fi son babban zaure, ya sayi tikiti da wuri, ya nemi kujerun bayan makaɗa. Sun fi na tsakiyar zaure araha, kuma daga nan ake ganin fuskar madugu.